Ragon Goggo Tabawa da Doguwar Motar Mudi

Shekara biyu cur Goggo Tabawa ta Dinyar Maƙera ta yi tana kiwon ragon nan. Dusa da kanwa, harawa, kowar wake, har ruwan da ta wanke gero ba ta zubarwa, nasa ne. Tun satin da aka ɗaura wa jikanta Sallau aure ta sayo shi, ta ɗaure a bayan rumbu, ta ce wannan na suna ne, ko Sallah ta zo kada wanda ya kalle shi. Sallau maraya ne, a hannunta ya tashi, ba shi da wanda zai tsaya masa a gaban surukai sai ita.

Ana nan matar Sallau ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Tsaunin Kanya, can hayin fadama, ta sauka lafiya, aka samu namiji. Su kuwa mutanen Tsauni suna da wata al'ada tasu. Limaminsu ba ya raɗa suna sai ya ga ragon gidan uba da idonsa a ɗaure a ƙofar gida. In hantsi ya ɗaga har inuwar zaure ta janye daga kan tabarmar liman rago bai iso ba, sai dangin uwa su fito da nasu su yanka, wai sun rufa asiri. Rufin asirin nan kuwa ya fi duka ciwo, don yaron har ya yi furfura ɗan ragon aro za a riƙa ce masa. Ga kuma Hajjo, kakar mai jegon, tsarar Tabawa ce, wadda tun ranar biki ta faɗa a tsakiyar mata cewa mutanen Dinya ba sa zuwa sha'ani sai an naɗe tabarmi. Tabawa ba ta tanka ba a ranar. Amma ba ta haɗiye ba.

Saboda haka tun da wuri ta shirya abinta. Ta yi magana da Nomau mai amalanke, za su tashi ranar jajibirin suna bayan azahar, su kwana a can, gari ya waye rago yana tuƙa a ƙofar gidan Hajjo.

Ana ɗaura wa shanu karkiya sai ga Mudi.

Mudi ɗan ƙanen Goggo ne, yana birni yana sayar da wayoyi. Yana da wata tsohuwar jif da ba ta taɓa yi wa kowa laifi ba, sai ya ga wasu hotuna a waya, ya kwashe ta ya kai gareji. Aka sa mata dogayen sifirin, aka ƙara wasu ƙarafa a ƙarƙashi, aka cire tayoyinta na Allah da Annabi aka ɗaura mata wasu ƙatti masu haƙora kamar na tarakta. Da ya tsaya a ƙofar gida, akuyar maƙwabta ta bi ta ƙarƙashinta ta wuce ba ta ko sunkuyar da kai ba.

Ya diro, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ɗaga kai ya ga shanu.

"Goggo, amalanke? Ina raye a kai ragon gidanmu a bayan shanu?"

"Shanun sun taɓa kai ni, sun dawo da ni."

"Haba Goggo. Wannan motar da kike gani, don irin hanyar Tsauni aka yi ta. Inci shida na sa aka ɗaga ta. Dutse, taɓo, rafi, babu ruwanta. Mu yi asuba mu tashi, kafin su sauke koko muna can."

Goggo ba ta san inci ba, amma ta san taƙi da yatsa. Ta zagaya motar sau ɗaya, ta sunkuya, ta zura hannu tsakanin taya da bakin ƙarfen da ya rufe ta. Yatsu huɗu suka shiga, na biyar ya ƙi.

"Kai Mudi. In aka ɗora kaya motar ta zauna, wannan tayar ina za ta shiga?"

"Ai an ɗaga ta, Goggo."

"Na ga an ɗaga. Kogon da tayar take ciki nake tambaya, an ƙara masa faɗi?"

Ya yi dariya irin ta wanda ya je birni. "Ba za ki gane ba, harkar injiniyoyi ce. Shi ma bakaniken ya so ya yanke min bakin fenda, ƙarfen nan da kika taɓa, wai sai taya ta samu wurin motsi. Na ce sabon fentin nan za ka sa wa abin yanka? Ka bar min abata yadda take."

Da a nan maganar ta tsaya, da Goggo ta hau amalankenta ta tafi. Sai ɗan banzan ya matso ya rage murya.

"Ki dai tuna idon Inna Hajjo, ta leƙo ta ga daga cikin wannan kika sauko."

Goggo ta dubi shanu suna kore ƙuda da wutsiya, ta dubi motar tana sheƙi. Mace ce mai hankali, kowa ya shaida, amma ko mai hankali akwai inda ake taɓa shi. Ta ce wa Nomau ya kwance shanunsa, Allah ya kai mu wani jiƙon.

Washegari ana sallame asuba aka fara lodi. Itacen wankan jego dami huɗu, buhun gero, babbar tukunyar ƙarfe, kanwa, daddawa, yaji, kabewa uku. Aka taru mutum huɗu aka cicciɓi rago aka tura shi baya yana kuka. Sai mata 'yan rakiya su uku, a cikinsu har da Uwale maƙwabciyarta, wadda Allah ya yi wa jiki, in ta zauna a tabarma ba a neman na biyu.

Aka zo hawa. Goggo ta tsaya a bakin ƙofa, ta ga matakin yana daidai ƙugunta.

"Ta ina ake shiga?"

"Ki kama nan, ki ɗaga ƙafa, sai in tura ki."

"Ka tura uwarka. A kawo min turmi."

Aka mirgino turmi aka kifa, ta taka ta hau, matan suka bi bayanta. Mudi zai rufe ƙofa Goggo ta ce, "In mun isa da me zan sauka?" Haka aka ɗaga turmin shi ma aka cusa kusa da rago.

Motar da ta kwana tana leƙen tsakar gidajen mutane, sai ga ta ta durƙusa. Goggo ta leƙa ta taga ta dubi tayar baya. Ko yatsa ɗaya ba zai shiga ba yanzu.

Daga ƙofar gida zuwa kwanar masallaci lafiya lau. Mudi na karya sitiyari sai aka ji ƙurrr, kamar ana jan tsohon kwano a kan dutse. Motar ta ƙi juyawa.

"Mene ne wannan?" in ji Uwale.

"Ba komai, Inna, sabuwar taya ce, ba ta saba ba."

Ashe in ya murɗa sitiyarin ya kai ƙarshe, haƙoran tayar gaba sai su kama ƙarfen ciki. Dole sai rabi-rabi. Ya yi gaba, ya yi baya, ya yi gaba, ya yi baya. Kwanar da jaki da mangala yake sha ba tare da ya rage tafiya ba, sai da Mudi ya yi mata zuwa bakwai. Dattawan da ba su tashi daga lazimi ba suka fito suna kallo. Wani tsoho ya ce, "Mudi, tafiya za ku yi ko sussuka?"

Aka dai fita gari. Ƙarshen damina ne, hanya duk ta zaizaye. Duk ɗan tudun da aka hau, gurrr. Duk ɗan kwarin da aka faɗa, gurrr. Can sai wari ya cika motar, warin roba tana ƙuna. Rago ya fara atishawa.

Mudi ya tsaya ya diro. Bakin fendar nan da ya hana a yanke, shi ne yake yankar tayar, ya yi mata zane a zagaye kamar an sa aska. Baƙin garin roba ya zuba a ƙasa. Ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Nauyi ne ya yi yawa. Goggo, itacen nan dole ya sauka."

"Mai jego ta yi wanka da me? Da fentinka?"

"Zan dawo in ɗauka, wallahi."

Goggo ta dubi gabas. Rana ta fara leƙowa ta bayan dawa. Ta ce a sauke. Aka jibge dami huɗu a gindin wata tsamiya.

Ba a yi nisa ba, gurrr. Aka sauke gero da kabewa a bukkar wani manomi, aka ba shi amana. Aka ƙara gaba kaɗan, gurrr, amma yanzu ta gefe ɗaya. Mudi ya waiwayo yana sosa ƙeya.

"Inna Uwale, don Allah ko za ki ɗan matsa tsakiya?"

"Ni ce nauyin ke nan?"

"A'a, ba haka nake nufi ba. Gefenki ne dai yake gugar."

Uwale ta matsa tsakiya tana huci. Aka tashi. Gurrr ta dama, gurrr ta hagu, duka biyun a tare.

Ba sai an faɗa mata ba. Ta ce a sauko mata da turmi. Ta sauka, sauran matan biyu suka bi ta, ta gyara gyale ta tsaya a bakin hanya.

"Shekarata talatin ina hawan motar kasuwa, a ɗora buhu ashirin a ɗora ni a kai, ba a taɓa cewa ni na hana ta tafiya ba. Sai taka, mai ƙafafun zalɓe! Yaya Tabawa, ki gaida mai jego, ki ce mata mun taho, mota ta ce ba ta iyawa da mu."

Suka juya gida a ƙasa. Aka bar Goggo, da rago, da turmi, da tukunyar da aka zuba su daddawa a ciki. Motar ta ɗan miƙe. Mudi ya samu bakin magana.

"Kin ji ta yanzu? Shiru. Ai na gaya miki, Goggo, wannan ba irin motocin nan ba ne. Bari mu shiga fadama ki ga aiki."

Suka shiga fadama. Shanu da amalanke sun tattake hanyar tun farkon ruwa, ta zama rami a nan, tudu a can. Tayar gaba ta dama ta faɗa rami, ta hagu ta hau tudu, motar ta karkace, tayar ta tashi ta daki cikin kogonta. Ƙwas! Wani baƙin faifan roba ya fito ta ƙarƙashi ya yi tsalle cikin shinkafar mutane. Rago ya faɗa kan turmi. Kan Goggo ya gaisa da rufi.

Wannan karon da Mudi ya duba bai riƙe ƙugu ba, kai ya riƙe. Fenda ta lanƙwashe ta shige ciki, gefen tayar ya tsage har zare ya fito fari.

"In ta ƙara guga sau ɗaya fashewa za ta yi."

"Ba ka da wata?"

"Akwai safaya. Amma ta da ce, ƙarama. Ba za su yi tafiya tare ba."

Ya ciro waya ya hau kan wani suri yana neman sabis, ya samu bakaniken nasa. Goggo tana jin muryar mutumin tana fitowa sama-sama. Mudi ya dawo yana share gumi.

"Me ya ce?"

"Ya ce za ta kai. Kawai dai kada a ɗora mata nauyi, kada ta faɗa rami, kada ta hau tudu da ƙafa ɗaya, kada kuma in karya sitiyari da yawa."

"To," in ji Goggo. "Motar daji ce, amma kada ta ga daji."

Ta dubi inuwar motar a ƙasa. Ɗazu tana can kwance har cikin shinkafa, yanzu ta fara tattarowa. A ranta ta hango Hajjo tana leƙen tabarmar liman, tana cewa a fara wasa wuƙa. Ta hango jaririn da ko ganinsa ba ta yi ba, ya girma ya yi gemu, ana nuna shi a kasuwa ana dariya.

"Sauko min da turmi."

Ta sauka. Ta sa ya sauko da ragon, suka kusa faɗuwa su uku. Ta cire takalmanta ta ƙulle a gefen zane, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta karya sandar geza, ta naɗe igiyar rago a hannu. Ta san hanyar nan tun tana budurwa tana kai tallan daddawa kasuwar Tsauni. In ta sa ƙafa, za ta isa.

Ta yi taku goma sai ta ji shi a bayanta.

"Goggo! Don girman Allah kada ki bar ni a nan."

"Ka biyo ni mana. Ba kai ne mai mota ba?"

"Ba na ganin ƙasa. Daga can sama hancin motar ya rufe min komai, sai na faɗa rami nake sanin akwai shi. Ki shiga gaba ki riƙa nuna min inda zan bi."

Ta tsaya ta kalle shi tun daga hula har takalmi. Ta so ta wuce abinta. To amma ɗan ƙanenta ne, marigayi ya bar mata shi, ga kuma tukunyarta da daddawarta a ciki. Ta yi tsaki ta juya.

Haka aka jera. Tsohuwa a gaba, taɓo har ƙwauri, rago a gefenta yana bin tudu-tudu abinsa, ƙatuwar mota a baya tana rarrafe kamar mai ciwon baya. Goggo tana tafe tana nuni da sanda.

"Dama. Dama na ce! Wannan ce damarka? Tsaya. Akwai rami a nan, ka raba shi tsakanin ƙafafunta. A hankali. Kai, a hankali, ba gidan ubanka za ka shiga ba!"

Wani mutum ya taho a kan jaki da kwandunan tumatir, ya iso su, ya rage tafiya ya ƙare musu kallo.

"Sannu da jinya, Iya. Allah ya ba ta lafiya."

"Amin," in ji Goggo, ba ta ko dube shi ba. Jaki ya wuce su ya ɓace.

Da suka haye fadama suka taka tsandauri, rufin gidajen Tsauni ya bayyana, Mudi ya leƙo da kai.

"Goggo, nan hanya ta yi kyau. Ki hau mana, a gan ki a ciki."

Ba ta waiwaya ba. Ta ƙara wa ƙafarta mai, rago yana sassarfa. Shi kuwa da ya ga ta yi nisa, sai ya tsaya a bakin wani kududdufi, ya cire rigarsa ta ciki ya jiƙa, ya bi jikin motar yana gogewa.

Ko da Goggo ta karyo kwanar gidan, maza sun cika ƙofa. Inuwa ta kusa barin tabarmar liman, saura abin da bai fi tafin hannu biyu ba. Sallau, da ya riga su isowa, yana tsugune a gefe ya haɗa kai da gwiwa. A bakin zaure kuwa har an fito da wani ɗan rago mai ƙashin haƙarƙari a waje, mahauci yana gwada kaifin wuƙa a babban yatsa.

Goggo ba ta yi sallama da ƙarfi ba, ba ta yi haki a gaban kowa ba. Ta ratsa ta gefen mutane, ta je turken da ke ƙofar gida ta ɗaure ragonta, ta ja igiyar ta tabbatar. Rago ya girgiza jiki, ya buɗe baki ya yi kuka ɗaya, duk wurin aka juyo. Liman ya dube shi, ya dubi ɗayan, ya ce a mayar da na gida ciki. Aka raba goro, aka yi addu'a, yaro ya ci suna Zakariya'u.

Ana shafa fatiha sai ga motar Mudi ta shigo. Babu kayan nauyi, babu mutane, ta koma can sama, an goge ta tana ɗaukar ido. Ya faka ta yadda gefen da ya lanƙwashe ya fuskanci katanga. Maza suka bar goro suka kewaye ta, wannan ya taɓa taya, wancan ya leƙa ƙarƙashi. Mudi ya diro, ya gyara hula.

"Inci shida," yake ce musu. "Ta fadama muka biyo. Ai babu inda ba ta shiga."

Labari ya kai cikin gida. Hajjo ta fito bakin zaure da mata a bayanta, ranta a jagule tun da aka mayar mata da ragonta. Ta ga Tabawa a zaune a kan dakali tana kankare taɓo daga ƙafa da tsinke. Mudi ya yi maza ya durƙusa.

"Ina kwana, Inna? Ga Goggo nan na kawo muku a kan lokaci. Da ba don motar nan ba, da yanzu wani zancen ake."

Hajjo ta dubi motar, ta dubi ƙafafun Tabawa, ta ɗaga murya yadda na cikin gida ma za su ji.

"Ikon Allah! Tabawa, wannan ce ta kawo ki? To shi taɓon fa, a ciki ake raba muku?"

Goggo Tabawa ta yar da tsinken, ta kwance takalmanta daga gefen zane, ta sa ɗaya, ta sa ɗayan.

"Wa ta kawo? Ni na kawo su, su uku, da rago da mota da mai motar. Kuma a cikinsu ragon ne kaɗai ya san inda zai sa ƙafarsa."